Baƙuwa Daga Kalaba

A kwalin takalmi Nafi'u ya kawo ta,
kwana biyu a mota daga Kalaba:
ganye huɗu masu kauri kamar harshen sa,
saiwoyi farare duk a waje, ba kunya.
Ya ce, "Inna, okid sunanta. Ba ta son ƙasa."
Na ce, "Abin da ba ya son ƙasa,
a Sakkwato me zai ci?"

Ban ji maganarsa ba.
Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane,
yaron da na goya zai koya min shuka?
Na ɗebo jar ƙasa, na zuba takin tumaki,
safe ruwa, yamma ruwa.
Mako uku saiwa ta yi baƙi,
tana wari irin na tsumman wanke-wanke.

Sai na sauke kai.
Na yanke ruɓaɓɓen da reza,
na farfasa gawayi, na jiƙa ɓawon kwakwa,
na huda tsohuwar tukunya wuri goma sha biyu,
na ajiye ta a gindin randa
inda hantsi ke shigowa ta labule, a tace.

Bazara ta zo, irin wadda ke narka kwalta a Mabera,
aka ɗauke wuta kwana tara.
Ni da ita muka raba mafici ɗaya.
Na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga.
Ruwan rijiya ya bar mata farin tabo,
da damina ta sauka na tara na sama a jarka,
na hana kowa taɓawa.

Ladan mai albasa ya leƙo, ya kaɗa kai:
"Hajiya, wagga ana miya da ita?"
A'a.
"Tana maganin shawara?"
A'a.
"To mi taka yi?"
Na ce, tana nan dai.

Shekara uku tana nan dai.
Sabon ganye ɗaya a shekara, ba ƙari.
Na yi lallashi, na yi gori,
na ba ta ruwan wankin shinkafa,
na juya ta gabas, na juya ta arewa.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai Luba ta haihu a Argungu.
Na bar wa Malam Modi amana, har da takarda:
ban da rana, ban da iska, ban da sanyi,
ruwa ranar Juma'a kaɗai.
Shi kuwa, zai share ɗaki,
ya fitar da ita gindin dalbejiya, ya manta.
Dare ashirin na watan sanyi ta kwana a waje,
ruwa sai ragowar butar alwala, in ya tuna.

Na dawo da faɗa cike da baki.
Na durƙusa in ɗauke ta,
sai ga wani ɗan kore tsakanin ganye biyu,
ba saiwa ba ce, saiwa ƙasa take nema,
wannan sama ya nufa.
Faɗan ya tsaya min a wuya.

Wata biyu na ƙara jira, hannuna a baya.
Ƙulli bakwai suka jeru kamar wake.
Wata asuba na farko ya buɗe,
fari tas, maƙogwaronsa launin zoɓo.

Yanzu Malam Modi ke yi wa baƙi bayani,
wai shuka tana da sirri, ba kowa ya sani ba.
Na ƙyale shi.
Ladan ya dawo, ya daɗe a tsaye,
bai yi zancen miya ba.
Takardar dokokin nan, da ita na hura wuta.

Yau Juma'a.
Na ɗauko buta, na taɓa gawayin da yatsa.
Da sauran danshi.
Na mayar da butar inda take.